Ni Na Ce Mashi Ganyen Zai Tsare Hantarshi

Daga Admin: Wata 'yar'uwa ce ta turo, ta roƙi a sakaya sunanta. A karanta har ƙarshe kafin a ce wani abu.

Assalamu alaikum 'yan'uwa na wannan gida. Admin, Allah ya saka da alheri, a taimaka a ɗora mani wannan yau ɗin nan, in ya wuce gobe ba shi da sauran amfani a wurina. Na daɗe ina karanta na mutane a nan ina yi masu addu'a daga ɗakina, ban taɓa kawowa wata rana ni ma zan rubuto ba. Don girman Allah ku ba ni shawara. Wanda kuma ya ji yana son ya zage ni ya daure ya kai ƙarshe, abin zagin yana ciki, ban ɓoye shi ba.

Ni 'yar Kusada ce, aure ya kawo ni ƙasar Kankia, can ta wajen Fakuwa. Shekararmu sha huɗu da maigidana, yaranmu huɗu, zan kira shi Malam don haka nake kiranshi a gida. Ni na gama sakandare, shi bai wuce firamare ba sai karatun allo, saboda haka duk wata takarda da ta shigo gidan nan ni yake miƙa wa, ko ta taki ce ko ta makarantar yara, kuma abin da na ce an rubuta shi ke nan, ba ya sake tambayar kowa. 'Yar boko yake ce mani in yana cikin raha. Manomi ne, yana da shanun huɗa biyu, ja da fari, in damina ta sauka ya yi tashi gonar ya yi wa mutane tasu. Mutum ne da ba ya kai loma baki da safe sai shanun nan sun ci sun sha, har tsiya nake mashi ina cewa ni da yara a bayansu muke a layi. Shi ne kuma yake kiran salla a ɗan masallacin unguwarmu tun kafin in zo gidan. Mahaifiyarshi, Inna, tana nan gida ɗaya da mu, ɗakinta yana kallon nawa.

Farkon daminar bana yana huɗa a wata gona, garma ta kama wani tsohon kututture da ƙasa ta rufe, shanun suka fizga, shi kuma bai saki ba. Ya dawo gida a karkace, ranar ko ruku'u bai iya yi daidai ba. Wanda ya san huɗa ya san 'yan makonni ne, mutane sun riga sun sa rana da shi, in ya kwanta sati ɗaya ƙasa ta bushe ko ciyawa ta rufe shuka. Sai ya je wani kemis da ke bakin titi ya ce a ba shi na ciwon baya. Suka ba shi abin nan da suke kira haɗi, 'yar ƙaramar leda ce a ƙulle, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ciki, akwai fari babba, akwai kafso mai kala biyu, akwai ɗan ƙarami kalar ƙasa. Farasitamol kaɗai na gane a ciki. Ya sha, da safe ya miƙe kamar ba shi ba, ya ɗaura wa shanu karkiya ya tafi.

A ranar ya roƙe ni wani abu. Ya ce kar Inna ta sani. Inna ba ta bambance ƙwayar ciwon jiki da wadda samari ke sha a bayan tasha, a wurinta duk ƙwaya ce, kuma ba ta da bakin ɓoye damuwa, in ta ji sai ta kai wa ƙannenta kuka, daga nan gari ya ɗauka ladan ya zama ɗan ƙwaya. Ya ce in yi mashi alkawari tsakanina da Allah. Na yi, ina dariya ma, don na ɗauka maganar kwana uku ce.

Ni ke mashi wanki, to a aljihun rigar gona nake tsintar ledojin. Da farko ɗaya a rana. Daga baya biyu. Ban san dalili ba hannuna ya ƙi zubar da su, sai na riƙa tura su cikin wani gwangwanin madara da ke ƙarƙashin gado. Da aka shiga noman farko suka koma uku, wata rana huɗu.

Ga inda laifina yake, kuma ban taɓa faɗa wa kowa shi da bakina haka ba sai wata ƙawata da za ku ji a gaba. Wata rana Malam ya dawo jikinshi a sanyaye, ya ce shi mai kemis ɗin da kanshi ya ja shi gefe ya ce abin ya yi yawa, irin wannan shan yana cin hanta yana kashe ƙoda, ya huta haka nan ya je asibiti a duba bayan. Malam ya tsorata, ya ce ya daina. Kuma ya daina ɗin, kwana biyu cur. Kwana biyun nan ina kallonshi yana bin bango kafin ya miƙe, yana salla a zaune, zufa na tsattsafo mashi a goshi in zai juya, ga masu gonaki suna ta sallama a ƙofar gida. Ni kuma Allah ya yi ni ba na iya kallon mutum cikin ciwo, ko kaza aka taka sai na rasa sukuni. A cikin satin ne wata ta turo wani saƙon murya a guruf ɗin matan unguwarmu, wani mutum ne mai natsuwar murya, yana jero kalmomin asibiti, yana cewa ganyen zogale da sabara suna tsare hanta da ƙoda daga illar magungunan kashe ciwo, wai masana sun tabbatar. Na saurara sau uku. Ga zogale a tsakar gidanmu, ga sabara a bayan gari ko'ina. Na ji kamar don ni aka turo shi. Na tsinko, na wanke, na dafa, na tace a kofi, na je na same shi a kwance na ajiye mashi kofin da ledar haɗin da ta rage a gefe ɗaya.

Na ce, "Malam, sha maganinka. Ga abin da zai tsare maka hantar."

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kin tabbata?"

Na ce mashi ni da na yi bayoloji a makaranta. Wallahi haka na ce. Bayolojin da ban tuna komai a cikinshi ba sai zanen fure. Ya yi bisimilla ya sha duka biyun.

Daga ranar na zama mai dafa ganye safe da yamma, har jarka na ware mashi ta zuwa gona. Ya sa wa abin suna inshora. In zai fita sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce 'yar boko ina inshorata, in miƙa mashi muna dariya, Inna daga ɗakinta tana sa mani albarka wai ina kula mata da ɗa da maganin gargajiya ba irin matan yanzu ba. Abin da ban hango ba shi ne, mutumin da a da tsoro ke riƙe mashi hannu, yanzu na cire mashi tsoron. In bayan ya motsa da rana sai ya ƙara leda ɗaya ya kora da ruwan ganye, ai akwai kariya. Haka aka yi maimai, haka aka shiga yankan gero. Gwangwanin ya cika na danna, ya sake cika.

Kimanin sati uku ke nan da na fara ganin abubuwa, ɗaya bayan ɗaya, ko wanne ina ba shi uzuri. Na farko abinci. Mutumin da ke tashi da malmala uku ya koma in na buɗe miya ya kau da kai, wai warin daddawa na tayar mashi da zuciya. Na ce gajiya ce. Sai takalminshi na roba ya fara barin shaida a bayan ƙafa, zane biyu masu zurfi da ba sa ɓacewa har ya kwanta. Na ce tsayuwar gona ce. Sai ƙaiƙayi, ya riƙa ɗaukar totuwar masara yana gurzar hannu da ƙirji har su yi fari, ba ƙurji ba komai. Na canza sabulu. Ku yi haƙuri da abin da zan faɗa yanzu, larura ce. Ni ke wanke makewayi, na lura inda ya yi fitsari kalarshi kamar shayin da ba a sa wa madara ba, da kumfa a kai wadda ba ta kwanciya ko na dawo bayan wani lokaci. Kuma butar da nake cika mashi sau huɗu sau biyar a yini ta koma tana kai la'asar da ruwan safe a ciki. Wata rana ina shafa mashi man zafi a ƙafa na danna ƙaurinshi da yatsa, wurin ya lotsa kamar tuwo mai ɗumi, na ɗauke hannu ramin yana nan yana kallona.

Ido kuma Inna ce ta fara gani. Ya shiga gaishe ta da hantsi, hasken ƙofa ya faɗa mashi a fuska, sai na ji ta yi salati a hankali. Ta kira ni ta ce in duba. Farin idon ya koma kamar an ɗiga ruwan ɗorawa. Ta ce ciwon shawara ne, ta san shi, shi ya ɗauki mahaifinshi. Labarin da kowa a gidan ya sani ne. Lokacin Malam yana saurayi idon mahaifin nashi ya yi haka, aka yi ta na gida har ya daina gane mutane, sannan 'yan'uwa suka ɗauke shi zuwa asibiti ba da son ranta ba, aka yi mashi allura da rana, kafin magariba ya cika. Tun daga nan ba wanda ya isa ya gaya wa Inna cewa ba allura ce ta kashe mata miji ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce, duk tsofaffin wajenmu haka suka riƙe, mai ciwon shawara ba a yi mashi allura, in aka yi an gama. A tsakar gida, gaban Malam, gaban matan da suka shigo dubiya, ta ce duk wanda ya kai mata ɗa inda za a soka mashi ƙarfe ba ta yafe ba duniya da lahira, ko da shi ne ya kai kanshi.

Ta karɓi jinyar a hannunta. Ta hana shi mai da nama, ta aika aka kawo mata sassaƙen maɗaci da wasu saiwoyi da ban san sunansu ba, tana jiƙawa da jar kanwa a wata tsohuwar tukunya, kofi uku a yini. Ni kuma ta ce in ci gaba da nawa tunda ya saba da shi. Shi kuwa bai daina haɗin ba, sai dai ya rage, don bayan yana nan.

Da na ga kwana biyar ba sauƙi sai ƙarin kumburi, na nemi lambar wata da muka yi aji ɗaya, yanzu nas ce a Katsina. Na ɗauki hoton idonshi yana barci, na ɗauki na ƙafar, na zazzage gwangwanin a kan tabarma na ɗauka na tura mata, na faɗa mata komai har maganar inshora. Ta kira ni, ta ce ta ga hotunan. Sannan ta tambaye ni wata nawa yana sha, na ce huɗu. Ta ce ba za ta iya ce mani ga abin da ke damunshi ba sai an ɗebi jini an gwada, zai iya yiwuwa akwai wani ciwon hantar daban da ƙwayoyin suka tarar, amma abin da ta gani ba na zaman gida ba ne, ba na sati mai zuwa ba ne. Ta ce a tsayar da ƙwayoyin, a tsayar da nawa ganyen, a tsayar da na Inna musamman mai kanwar nan, don ƙodar da ta gaji ko abin da lafiyayye zai sha ya wuce ita kaya ne a kanta. Na ce to saƙon muryar fa. Ta ce zogale abinci ne mai kyau ba wanda ya musa, amma irin binciken da ake faɗa galibi a jikin ɓeraye ake yi da awo, ba wanda ya ce magidanci ya sha leda huɗu a rana ya kora da tafasasshen ganye. Na ce allurar fa, da gaske tana kashe su? Ta ce ba allura ke kashe su ba, sai an gama jiƙe-jiƙe mutum ya fita hayyacinshi ake kawo masu shi, sannan a ce allura ce. Ta ce alamar da za ta fi ba ta tsoro ita ce in ya fara yawan barcin rana ko ya fara rikita magana, in na ga haka kar in jira kowa.

Na samu Malam na durƙusa na faɗa mashi duka, na ce ni na cuce shi, ya yafe mani. Na so a ce ya yi faɗa, ko da tsawa ɗaya ce. Bai yi ba. Ya ce ba ni na sa mashi a baki ba, da niyyar alheri na yi, Allah na gani. Ya yarda in kwashe sauran haɗin in ɓoye. Amma asibiti ya ce a'a, Inna ta riga ta furta, shi bai taɓa tsallake maganarta ba ba zai fara yanzu da ƙafa ɗaya a rami ba. Na ce to bari in faɗa mata maganar ƙwayoyin ta san ba irin na mahaifinshi ba ne. Nan ne kaɗai ya ɗaga murya, ita ma ba ƙarfi a cikinta. Ya ce in tuna na yi alkawari da sunan Allah, ya ce tsohuwar nan abin da take taƙama da shi a duniya shi ne ɗanta ladan ne ko goro ba ya ci, in na karya mata wannan a ƙarshen rayuwarta me na bar mata. Ya ce ya gwammace ya tafi da albarkarta a kan ya warke da bakinta a kanshi.

Duk da haka na je wurin Inna, ban ambaci ƙwaya ba, na ce dai a gwada asibiti ko jini kawai su duba. Ina so ku fahimta, Inna ba muguwa ba ce. Duk haihuwata huɗu ita ta yi mani wankan jego da hannunta, ranar da mahaifiyata ta rasu a cinyarta na yi kuka. Ta bari na gama, ta ce boko dai boko, ɗibar jinin da mene ne ake yi in ba da allura ba. Sai ta sassauta ta kama hannuna, ta faɗi maganar da tun ranar take yawo a kaina.

Ta ce, "Ɗiyata, da a ce wani abu na asibiti ya sha ya yi mashi haka, da sai in ce su suka ɓata, su gyara abinsu. To mi ya sha? Wanga ciwo na gidansu ne, a jini yake, mu muka san maganinshi."

Gwangwanin yana ƙarƙashin gadona, taku goma tsakaninshi da inda take zaune. Na ce to Inna, na tashi.

Tun ranar nake yin wani abin da shi ma ban san hukuncinshi ba. In ta ba ni kofin jiƙonta in kai mashi, sai in zagaya bayan ɗaki in tuttular a gindin lallena, in kawo mata kofin wayam ta ce madalla. Na tsakar rana ne dai ba yadda zan yi, da kanta take ba shi. Lallen da ya shekara uku yana kore, yanzu ganyenshi ya yi rawaya yana zuba. Na san wataƙila kanwar ce kawai, ko wace shuka aka zuba wa haka za ta yi, amma duk sanda na bi ta wurin sai in kau da kai.

Shekaranjiya ya matsa sai ya je ya kira la'asar, ya ce zaman ɗaki ya ishe shi. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji muryarshi ta lasifika, siririya, tana rawa. Shekara sha huɗu ina jin kiran nan, na san inda yake jan numfashi, na san inda yake tsayawa. Da ya zo tsakiya sai ya sa kalmar nan da ake faɗa a kiran asuba kaɗai, da rana tsaka, rana na dukan bango. Ya maimaita ta. Sai shiru, sai ƙarar lasifika, sai muryar wani ta ƙarasa. Mazan da suka rako shi suna ta dariya wai ladan ya sha yankan gero har ya manta rana, shi ma yana murmushi, amma da na tambaye shi a ɗaki bai san me ya yi ba. Jiya kuma har azahar shanun nan suna kuka a turke, ba dusa ba ruwa, yana zaune a inuwa yana kallonsu. Mutumin da ba ya karyawa sai sun ci. Ni na ja ruwa na ba su, jan ya ƙi sha, yana ta miƙa wuya wajen da yake zaune.

Inna ma ta ga abin ya fi ƙarfin tukunyarta. Ta yanke cewa jibi Alhamis da hantsi za a kai shi wurin wani tsoho a wani ƙauye gaba da Kusada, wanda aka ce yana cire ciwon shawara. An ce kwana bakwai ake yi a wurinshi, ana ba mutum abin da zai yi ta amai da gudawa har ciwon ya fita, kuma matar mutum ba ta zama, uwa ce ke jinya, ni rakiya kawai zan yi in dawo. Da na faɗa wa ƙawata nas ta ce in aka yi wa mai irin wannan ƙodar haka, ita ba ta son ta ƙarasa maganar.

Motar da za ta kai su ta yayana ce, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, direban bas ne a hanyar Kano zuwa Katsina, Inna da kanta ta aika mashi. Jiya ya zo dubiya, ya shiga da barkwancinshi yana cewa ina ladan mai kiran asuba da rana, da ya ga fuskar sai ya haɗiye sauran. Bai daɗe ba ya fito, ya kira ni zaure. Ya ce shi ya sha ɗaukar marasa lafiya a motar nan, ya san wanda ake kaiwa a dawo da shi a zaune. Ya ce ba maganar abin kashewa ba ce, wannan a bar mashi.

Ya ce, "Ni direba ne, inda aka ce nan nake nufa. In mun hau titi ki ce mani Kusada ko Katsina. Amma ki sani Inna na cikin motar, kuma da ke za ta zauna bayan nan, ba da ni ba."

To 'yan'uwa ga inda nake. In na yi shiru aka tafi ƙauyen nan, zuciyata na faɗa mani ba zan sake jin kiran sallarshi ba, kuma ni na san da hannun wa aka fara. In na ce wa Yaya Katsina ba tare da Inna ta yarda ba, na sa miji ya tsallake furucin uwarshi ba da saninshi ba, in kuma Allah ya yi ikonshi a can bayan an yi allurar, har in mutu sunana wadda ta kashe ɗan Inna, kuma a gidan nan 'ya'yana za su tashi suna ji. In na ɗauki gwangwanin na kai mata na juye a gabanta, wataƙila ta ce su suka ɓata su gyara kamar yadda ta faɗa da bakinta, wataƙila kuma a'a, amma ko ta yaya na ci amanar da na ɗauka da sunan Allah, na zubar mashi da abin da ya roƙe ni in tsare, kuma dole in faɗa mata ganyen da take sa mani albarka a kanshi me ya yi.

Masu ilimin addini na cikinku, alkawarin da aka ɗauka irin wannan yana nan a wuyana ko da rai ne a gaba? A'a ɗin da ya ce, na mutumin da ke cikin hankalinshi ne, ko tun lokacin ciwon ya fara magana a bakinshi? Furucin uwa yana kama ɗan da aka ɗauka aka kai bai sani ba? Ma'aikatan lafiya, jibi ma ba ta yi nisa ba? Waɗanda suka zauna da surukai tsofaffi, ta ina ake fara irin wannan maganar?

Ina rubuta wannan ne a bakin ƙofa bayan azahar, yana kwance a tabarma tun hantsi, na fito da gwangwanin yana cikin hijabina. Inna na ɗakinta tana ninke mashi kayan tafiya. Ɗazun ya buɗe ido ya daɗe yana kallona, sai ya yi murmushi ya ce 'yar boko ina inshorata. Ya manta kwana shida ke nan da na daina dafawa, ya manta na durƙusa na ba shi haƙuri a kanta. Na ɗebo ruwan randa zalla na ba shi, ya shanye, ya ce yau ba ta yi ɗaci ba, Allah ya yi mani albarka.

Ku faɗa mani, in tashi in shiga ɗakin Inna da gwangwanin nan, ko in jira titi?